Kwana Taran da Kwamfutar Hamdiyya Ta Yi a Kashe

Ƙanwata Hamdiyya ba ta da faɗa, ni ce mafaɗaciyar gidanmu. Innarmu Dudu bandar kifi take yi a bakin ruwa a Yelwa, kuma da wannan hayaƙin aka yi wa Hamdiyya karatu har ta zama injiniyar manhaja. Da ta gama ta ƙi zaman birni. Ta dawo ta kafa tebur a ɗakin Inna, tana yi wa mutanen nesa aiki, tufafinta na ƙamshin kifi.

Hirarta duk a wani dandalin intanet take, irin wanda ba shi da mai gida ɗaya. Kowa na iya kafa nasa zauren a kan kwamfutarsa, zaure da zaure kuma suna musayar saƙo. Nata zauren a wata tsohuwar kwamfuta yake, ƙarƙashin gadon Inna, da wutar sola. A nan injiniyoyi ke koya wa juna aiki, su kuma nuna hoton kajinsu da tuwon da suka ƙona. Ita hoton giwan ruwa take sawa. An san ta da abu ɗaya: in ka tambaye ta, za ta amsa maka tsakani da Allah.

A nan Jabir ya same ta. Ɗan Shanga ne mazaunin Abuja, mai zaƙin baki kamar dillalin shanu. Yana haɗa manhajar rubuta sunayen fasinjojin jirgin ruwa, amma da jirgi ya yi nisa sabis ya ɗauke, sai sunayen su salwanta. Ya rubuta a gaban kowa cewa abin ya fi ƙarfinsa, Hamdiyya ta taimaka masa don Allah. Sati biyu ta yi a kai. Har garin Warra ta je a jirgi, ita da ke jin jiri a ruwa, don ta gwada da hannunta, sannan ta ba shi gyaran.

Bayan wata uku sai ga shi yana shelar cewa shi kaɗai ya warware matsalar. Hamdiyya ta taya shi murna, ta ce ta ji daɗi da gyaranta ya yi amfani. Shi ke nan laifinta. Ya goge duk roƙon da ya yi mata, ya ce bai taɓa tambayarta komai ba, mai neman suna ce kawai. Aka duba zauruka, babu komai, don in mutum ya goge rubutunsa saƙo ke bin kowane zaure ya ce a share. Mutanen da ta koya wa aiki suka daina gaishe ta. Wasu zaurukan ma suka toshe nata, wai ba sa hulɗa da maƙaryata.

Wallahi na so in hau mota in same shi. Na ga yarinyar nan ta daina cin abinci. Inna ta ce, "Mi aka yi miki, ɗiyata? Kin koma kamar wadda ta yi jinya." Ta ce, "Sunana aka ɓata, Inna, kuma ba ni da shaida."

Ashe tana da ita. A satin da Jabir ya yi goge-gogensa, iskar damina ta fizge farantin solarmu ta jefa shi gonar albasar maƙwabta. Kwana tara kwamfutar ƙarƙashin gado na kashe. Saƙon sharewa ya yi ta zuwa bai tarar da kowa ba, har ya gaji ya bari. Da ta lura da haka ta buɗe, sai ga roƙon Jabir kwance yadda ya rubuta shi, da kwanan wata, har da "don girman Allah".

Na ce ta saka shi take. Ta ce a'a. A nan na gane ƙanwata ta fi ni iya mugunta, na kuwa ji daɗi. Ta jira har ranar da injiniyoyin suka gayyace shi ya yi musu bayanin "aikinsa" kai tsaye. Yana tsakiyar baza ilimi ta saka hirar gaba ɗaya, ba ta ƙara ko kalma ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Kafin la'asar kowa ya ɗauki hoton hirar ya sake sawa a zaurensa.

Washegari ya kira, tana taya Inna juya kifi. Ta buɗe muryar wayar don in ji.

"Hamdiyya, ki rufa min asiri. Ki goge abin nan, ni da ke duk 'yan gida ne."

Ta ce, "Nawa kam zan goge yanzun ga. Amma zaure arba'in da ɗaya sun ɗauka. Duk waɗanda ka ce wa ni maƙaryaciya ce, su ne ke riƙe da shi. Ka bi su ɗaya-ɗaya ka gaya musu gaskiya da bakinka, in sun ga dama su goge."

Ta kashe wayar, ta ce Inna ta zubo mata tuwo da yawa.