Tayar da Ta Riga Mu Shiga Ƙwanni

Edita, ina yi maka sallama kai da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai gyaran keke a bakin kasuwar Illela, Turawa na mulki, ba a kai ga ba mu 'yanci ba. Karatuna bai wuce na allo da ɗan yaƙi da jahilci ba, abin taƙamata kawai ƙarfin damtse. Yayana kuwa, wanda Allah ya yi wa rasuwa bayan ƙaramar sallar nan, direba ne kuma bakanike a wurin wani Bature mai sayen fatu da ƙiraga. Rasuwarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin tun da aka watse daga zaman makoki labarin nan yake dawo mini, kuma duk sanda ya dawo sai in sami kaina ina dariya ni kaɗai.

Baturen nan ya sa an aiko masa da wata ƙaramar motar tsere daga ƙasarsu, amma ba a haɗe ba. A cikin akwatunan katako ta zo gunduwa-gunduwa, injin daban, ƙashin ƙarfen daban, tayoyi daban, wai mutum ya haɗa abarsa da hannunsa a gida. Bai kai ga taɓa ta ba ciwo ya mayar da shi gida, ya bar wa yayana akwatunan kyauta. Ranar da aka sauke su a ƙofar gidanmu, yayana ya shiga wurin Inna, mahaifiyarmu, ya yi mata alkawari cewa ita ce za ta fara shiga, kuma zai kai ta Ƙwanni, tsallaken iyaka a ƙasar Faransi, ta ga yayarta. Inna haifaffiyar Ƙwanni ce, aure ya kawo ta Illela, kuma tun da ciwon gwiwa ya kama ta ba ta ƙara taka hanyar ba, ga shi su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Kafin magariba duk matan unguwa sun ji cewa Inna za ta shiga garinsu a motar ɗanta. Daga ranar ko an kawo mata zancen jaki sai ta ce mi za ta yi da jaki, ita uwar mai mota.

Kuskurenmu na farko, mun kwance ƙananan jakunkunan da noti da ƙusoshi suka zo a ciki, muka juye su duka a akushi ɗaya, wai don su fi sauƙin ɗauka. Ashe kowace jaka da inda take shiga. Muka shafe kwanaki muna tsintar su kamar masu tsince tsakuwa a cikin shinkafa. Na biyu, a kan rairayi muke aiki, ƙarƙashin bedin ƙofar gida, wato itacen dogon yaro, inda dattawan unguwa ke zaman dara. Ba mu ankara ba ashe sun ga notin sun fi tsakuwa daɗin riƙewa, suka mayar da su 'ya'yan dara. Da yayana ya yi magana, wani tsoho ya ce masa ai aro suka yi, kuma motar da ba ta da rufi ba ta da wurin sa buhu, ko an rage mata ƙarfe biyu ba za ta sani ba. Su ne suka sa mata suna takalmin Bature, saboda gajartarta. Inna ma da ta leƙo ta ga kujeru biyu kacal, ta tambaya ina za ta sa tsaraba, ko kuwa Turawa ba su da dangi ne.

Duk da haka aiki ya yi kyau, kuma ban taɓa jin daɗin wani rani kamar wannan ba. Yayana mutum ne mai sanyin hannu. Ya koya mini a ɗaura komai sako-sako tukuna, sai an ga kowane rami ya yi daidai da ɗan'uwansa sannan a ɗaure tamau. Ya koya mini a shafa giris kafin a zura, a kuma shimfiɗa tabarma a ƙasa don abin da ya faɗi ya ganu. Maganarsa kullum ita ce yatsa kafin sifana, wato notin da bai shiga da yatsu cikin daɗin rai ba, ba gidansa ba ne. Ranar da injin ya tashi, kaji suka watse, 'yan dara suka bar takalmansu, Inna ta rangaɗa guɗa daga cikin gida.

Sai da muka zo ɗaura tayoyi muka tarar notin ɗaya daga cikin tayoyin baya sun tafi a dara, rairayi ya haɗiye su. Yayana ya ce a jira babbar motar kamfani ta zo da irinsu daga Kano, ko da za a kai damina. A makon nan kuma aka aiko cewa yayar Inna ba ta jin daɗi, tana ta cigiyar ƙanwarta. Inna ta daina wasa da dariya, ta koma zama a bakin zaure tana kallon motar. Da yayana ya fita aiki, na hau keke na tsallaka Ƙwanni wurin wani mai sayar da tarkacen motocin Faransawa. Na sami noti masu kama da namu sak. Mutumin ya gaya mini gaskiya, ya ce notin Faransi ba ya aure da ƙusar Ingilishi, domin zaren da aka yanka a cikinsu ba awo ɗaya ba ne. Na ce masa ƙarfe ai ƙarfe ne, mi ya sani game da iyaka. Da na dawo suka shiga kaɗan suka cije, na zura bututu a ƙotar sifana, na taka da ƙafa har suka zauna. Ban ɓoye wa yayana ba. Ya gwada su ya ji gam, ya girgiza kai, ya dubi Inna a bakin zaure, ya ce to Allah ya kiyaye. Muka zaga filin kasuwa a hankali, ba abin da ya motsa.

Washegari da hantsi Inna ta ci ado, aka ɗaga ta aka zaunar, ƙunshin goro da ƙwaryar nakiya a cinya, mayafi na kaɗawa. Ni ina biye a keke, rabin unguwa na biye da ni. Sai da muka bar gari muka hau gargada, ana gab da iyaka, na ga tayar bayan ta fara rawa, kafin in yi ihu ta cire. Allah ya taimake mu yayana ba gudu yake ba, motar ta durƙusa a cikin yashi kamar raƙumi, ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Ita kuwa tayar ta wuce su a guje ta miƙe ƙasar Faransi. Inna ta gama salati, ta tambaya tayar wa ce waccan mai sauri haka. Da aka ce tata ce, sai ta ce to alhamdu lillahi, a gidanmu dai an sami mai son zumunci guda ɗaya. Wani bawan Allah mutumin Lafani yana wucewa da jakinsa, Inna da kanta ta kira shi. Da muka ɗora ta, ta shafa wuyan jakin ta ce wannan Allah ne ya ɗaura masa ƙafafu, ba ƙanen bakanike ba.

A kan jaki Inna ta shiga Ƙwanni, yayana na jan akala, ni ina gungura taya a baya. Yayarta tana kwance, amma da ta ji yadda aka yi ta tashi zaune tana dariya har da hawaye, ta sa aka maimaita mata labarin tayar. Inna ta zauna wurinta tana jinya. Ruwan farko bai sauka ba Allah ya karɓi ran yayar tata. Notin Kano kuwa sai tsakiyar damina suka iso.

Mun gyara motar daga baya, ta yi shekaru tana yawo. Har muka tsufa, in na matsa wa yarana a kan wani abu, yayana sai ya ce mini yatsa kafin sifana. Ni kuma in ya cika jan jiki sai in tambaye shi ko notin Kano yake jira. Da aka aiko mini daga Sakkwato cewa jikinsa ya yi tsanani, ɗana ya ce in bari ya gama gyaran motarsa mu tafi tare cikin mutunci. Ban jira ba, na tare ɗan kabu-kabu ya kai ni tasha. Na same shi da ransa. Ya tambaye ni da mi na fito daga gida, na gaya masa, ya yi murmushi ya ce jakin zamani ke nan, Inna ta yi tarbiyya.

Ga duk mai sha'awar haɗa mota da hannunsa, ina ba shi shawara ya bar kowane noti a jakarsa, ya yi aiki a kan shimfiɗa, ya nisanci 'yan dara, kada ya haɗa awon wata ƙasa da na wata, kuma kada ya ɗauki ran da yake ƙauna sai ya gwada motar a kan mummunar hanya shi kaɗai. Abin da ya ƙi shiga da lalama, ƙarfi ɓata shi yake yi. Amma abin da ya fi damuna ba notin ba ne. Mun zaunar da tsohuwa rani guda tana jiran mota, alhali jakuna na wucewa ta ƙofar gidanmu kullum zuwa Ƙwanni. Ƙarfe yana jira, ɗan'uwa ba ya jira. In kana da wanda kake son gani, hau abin da ka samu ka tafi. Allah ya jiƙan Inna da yayarta, ya jiƙan yayana.