Kunya Uku a Hanyar Kona

Duk abin da tsufa zai goge mini a kai, ban da shekarar da ƙasarmu ta harba tauraron ɗan Adam ɗinta na farko, don a shekarar ne na kusa zautuwa a kan kunya uku ta masara.

Lokacin ina ɗinki a unguwar Mayo Gwoi, ina kuma taɓa noma a gonar da mahaifina ya bar mini a hanyar Kona. Maƙwabcina a gonar wani dattijo ne ɗan ƙabilar Kona, aminin marigayi, mutum mai shiru-shiru. Shi ya koya mini huɗa, ni da allura kaɗai na sani. To, bari in tona wa kaina asiri tunda furfura ta fito: duk damina sai in lallaɓa in ƙara kunya ɗaya ta ɓangarensa. Damina uku, kunya uku. Ina ce wa zuciyata ai garmar ce take gocewa.

Wata rana da hantsi muna shago rediyo ya kawo labarin tauraron. Akwai wani malamin labarin ƙasa a zaune, ya zo karo na huɗu neman kaftaninsa da ban ko yanka ba. Na ce, "Malam, wai shi wannan tauraron me zai tsinana mana?"

Ya ce, "Hoton ƙasa zai riƙa ɗauka daga sama. Gonaki, dazuzzuka, koguna. A ga inda ruwa ke ci, inda daji ke ƙarewa, inda amfani ya yi kyau."

Na ce, "Har iyakar gona?"

Ya kalle ni sheƙeƙe ya ce, "Iyaka? Kunya-kunya zai ƙirga. Har telan da ke riƙe kayan mutane yana gani."

Kowa ya fashe da dariya, ban da ni. Ko tsayawa ban yi ba in yi tunanin cewa abin da aka harba jiya ina ya san inda iyaka take shekara uku da suka wuce. Abin da kawai nake hangowa shi ne a kira ni gaban mai unguwa, a shimfiɗa hoto, dattijon nan ya gane ɗan amininsa ɓarawon ƙasa ne.

Washegari na sayi malafa mai faɗi kamar faifai, wai kada a gane fuskata daga sama. In na je gona ba na ɗaga kai. Maiɗakina ta gaji ta ce, "Wai kai lafiya? Ko fitowa tsakar gida za ka yi alwala sai da malafa?" Na ce rana ce ke damuna. Ta ce, "A cikin wannan hadarin?"

Mako guda na yi ba na iya cin tuwo. Na ce gara in faɗa da bakina kafin hoto ya faɗa. Na je gona na tarar da dattijon yana cire ciyawa, na durƙusa na yi gaisuwa har sau uku, sannan na ce, "Baba, ka yafe ni. Na ci maka kunya."

Ya miƙe ya dafa ƙugu. Da irin Hausarsa ya ce, "Uku ne. Na farko shekaran da ruwa ya yi yawa. Na biyu da matanka ya haihu. Na uku bana."

Na ce, "Baba, har sun kawo maka hoton?"

"Wane hoto? Ni ba ni da ido?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce to me ya hana shi magana? Ya ce, "Babanka abokina ne. Na ce yaron nan yana tara kunya, wata rana na gaskiyan zai zo masa." Ya yi dariya har da tari, ya ƙara da cewa, "Uku ɗin ka dawo mini da shi. Na huɗun da kake ji yanzu, riƙe, naka ne."

Bayan wasu watanni malamin ya kawo mini hoton tauraron a cikin wata takarda, sanye da kaftaninsa. Ga kogi kamar zare, ga duwatsu, ga inda ambaliya kan kwanta. Na ce ina gonata? Ya ɗora bakin biro a wani wuri ya ce, "Tana ƙarƙashin nan, da ta maƙwabtanka duka." Na gaya masa abin da ya ja mini, ya yi dariya har ya zauna a kan almakashina.

Dattijon ya rasu tuntuni, jikokinsa ne ke noma wurin. Abin da na koya shi ne, na ji tsoron ƙarfen da ke can sama wanda bai ma san da ni ba, alhali mutumin da ke gefena shekara uku yana kallona, ya yi shiru don darajar mahaifina. Tun daga ranar, in mutum ya yi mini shiru ba na ɗauka bai gani ba.