Harsashin da Tsohuwar Bindiga Ke So

Surukina, Allah ya jiƙansa, da tsohuwar bindigar soja yake farautar barewa, kuma da kansa yake ɗura wa harsasansa albarushi ya sa musu kai a garejinsa da ke garin Sedgefield. Wata Asabar na zaɓi kan harsashi mara nauyi, don na ji ya fi gudu. Bai hana ni ba. A filin gwaji harsasaina suka warwatse a takardar da muke auna harbi, nasa masu nauyi suka taru wuri ɗaya.

"Baba, ai duk sun samu," na ce.

Ya yi dariya. "Malam, takarda ba ta gudu da rauni. Barewa kuwa sai ta mutu mushe a daji, haƙƙinta a wuyanka."

Har yau masu nauyin nake ɗurawa.