Sarki a Bayan Sojoji Uku

A tashar Mararaba, bayan masu faci, wani mutum yana buga ches, darar Turawa. Ban san sunansa ba. Zai kai shekara hamsin, rigarsa a goge, katin ofis a wuyansa amma ya juya fuskar katin ciki. Ina zaton bai taɓa sa hannu a takarda ba sai wani ya riga shi.

Tun da ya ci dokin abokin karawarsa ya daina kai hari. Yana miƙa hannu ya janye, don a nan abin da ka taɓa shi za ka tura. Sarkinsa yana lungu, sojojinsa uku sun tare masa gaba.

"Oga, buɗe wa sarkin nan taga ya sha iska mana," in ji abokin, wani direba, yana dariya.

"Ni ke gaba, Meshach. Me zai kai ni?"

Direban ya daina dariya. Sarauniyarsa tana matsowa layin ƙarshe, inda sarkin ba shi da mafita, mutumin kuma yana ta juya dokin a tafin hannunsa.

Na san wannan zama. Ni ma na kulle tagogin ɗakin 'yata Hindatu saboda ɓarayi, janareta yana aiki a baranda. Hayaƙi ya taru a ɗakin, ba ta farka ba.

Allon ches ɗin nan nata ne. Bayan sadakar arba'in na kawo shi nan na bari. Murfin kwalbar da ta sa a madadin sojan da ya ɓata yana cikin ukun da suka tare sarkin.