Akuyar Habbanaye

Lokacin da majami'armu ta turo ni Dakoro aikin bishara, na zo da difilom na makarantar Littafi, da jan moto, wato babur, da tabbacin cewa Allah ya yi dace da ya same ni. Ni ɗan malamin lakwal ne, wato makarantar boko, daga kwarin Maraɗi. A gidanmu ko kaza ba a kiwo, sai alli da jan biro. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba, tunda rayuka aka aiko ni nema.

Shekara biyu ina wa'azi. Ranar Lahadi jama'ata su ne matata da wani ma'aikacin gwamnati mai addu'ar a maida shi kudu. Ranar kasuwa kuwa nakan zauna da makiyaya a kasuwar dabbobi. Su ba ni shayi, su saurare ni da ladabi har zubi na uku, su ce madalla, su tashi su yi sallarsu. Duk wata uku ina rubuta wa kwamitin majami'a rapor cewa ƙofa tana gab da buɗewa. Ƙofar nan ta daɗe a gab.

A cikinsu akwai wani tsohon Bafillace daga wajen Azagor, ina ce masa Baffa. Shi kaɗai ne yake tambayar yadda muka kwana da abin da muka ci, kuma shi kaɗai ne zan iya kira aboki ba tare da na yi ƙarya ba. Wata rana ya ce, "Malam, ina bisashenka suke?"

Na gyara zama na ce, "Ni makiyayin mutane ne, Baffa."

Ya ce, "Su nawa?"

Na yaba daɗin shayin.

Da kasuwa ta zagayo sai ga shi da jar akuya mai ciki, ya miƙo mini igiyar. "Habbanaye ce," in ji shi. "Ta haihu wurinka sau biyu, ɗiyan naka ne, uwar ka maido mini. Ka riƙe ta da kyau. Shekarar da hwari ya cinye mini garke, kakarta kaɗai ta rage."

Ina zuwa gida na zauna na rubuta wa kwamiti cewa makiyaya sun fara kawo kyauta don godiya ga Maganar Allah. Matata ta leƙa ta bayan kafaɗata ta karanta.

"Maigida, ka san wa ake ba habbanaye?" ta ce. "Wanda bai da komi. Tausayinka tsohon ga ya ji."

Na ce mata ba ta da idon bangaskiya, na aika takardata.

Kwamiti ya yi murna har ya ce zai zo ya gani da ido. Nan hankalina ya tashi. Na dubi akuyar, ƴar siririya kamar kowace akuyar daji, na ga ba ta yi kama da abin da na rubuta ba. Kwana uku suka rage, na ƙudura sai ta yi ƙiba. Na ɗaure ta a turke, na jiƙa gero tiya guda, na haɗa da ragowar tuwo na ajiye mata. Maƙwabcina mahauci ya hango ta kan katanga ya ce ya yi yawa. Na gode masa irin godiyar da mai difilom ke yi wa mahauci. Ita kuwa baiwar Allah ta cinye tas.

Kafin azahar cikinta ya kumbura kamar ganga, ta kwanta tana nishi. Mahaucin ya shigo da wuƙarsa.

"Fasto, wagga ba ta tashi. Bari in yanka ta kahin ta zama mushe, ko nama a samu."

Na hana shi. Na durƙusa, na ɗora mata hannu, na ɗaga murya yadda za a ji har gida na uku. Gaskiyar da ban taɓa faɗa a kan bagade ba ita ce, bakina yana addu'a, zuciyata tana tsara yadda zan rubuta labarin in ta miƙe. A ƙarƙashin hannuna ta shure, ita da abin da ke cikinta. Mahaucin ya goge wuƙar da ba ta taɓa komai ba, ya ce, "To, amin," ya fita.

Da la'asar kwamiti ya bugo waya, wai motarsu ta lalace, an ɗage tafiyar.

Na yi tunanin nemo wata jar akuya a kasuwa in ce ita ce. Matata ta ce, "Mutumin da ya san kakarta za ka yi wa haka?" Na yi tunanin tattara kayana in koma kudu, in ce yanayin bai karɓe ni ba. Wannan ma ta ce in je ni kaɗai. Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na makon nan ba. Abokina ɗaya tak a ƙasar ya ba ni amanar abin da ya fi so, na kashe shi don a yabe ni.

A lokacin su Baffa sun sauko da rugarsu kusa da gari, tafiyar rabin wuni a ƙasa. Na hau moto. Rairayi ya riƙe shi, na ƙarasa ina turawa, gumi har cikin takalmi. Baffa ya shimfiɗa mini tabarma. Ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya sake tambayar iyali. Akuyar ce kaɗai bai tambaya ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Na faɗa masa duka: geron, da wuƙar da na hana, har da ƙaryar da na rubuta. Ina magana hawaye suna zuba, ni da na zo koya wa mutane hanya.

Ya juya fuska wajen garke. Sannan ya ce, "Tiya guda?" Na ce tiya guda. Ya girgiza kai. Ya tashi a hankali ya shiga cikin awaki, ya dawo yana jan wata ja, ƙanwar waccan. Ya sa mini igiyar a hannu.

Na ja da baya. "Baffa, ban cancanta ba. Ban iya kiwo ba."

"Tun ran hwarko na san ba ka iya ba," ya ce. "Da ka iya, mi zai sa in ba ka? Wanda ya iya shina da nashi."

Na yi wa'azi kan alherin Allah ya fi a ƙirga, da kan magana uku-uku da misalai masu kyau. Ban taɓa tsayawa a inda mai karɓa yake tsayawa ba, hannu wofi da laifi a ka, sai ranar. Da zan iya, da na ƙi. Karɓar ta fi mini wuya a kan duk wata hidima da na taɓa yi, amma na rufe yatsuna a kan igiyar.

Na bar moton a rugar, ni da akuyar muka kamo hanyar gari a ƙasa. Duk inda ta tsaya cin ciyawa, ni ma sai in tsaya in jira ta.