Inna Mai Guga da Littattafan Kisan Kai

Inna mai guga ba ta koyi karatu da wuri ba. Sai bayan rasuwar mijinta, da yara suka tasa, ta shiga ajin manya, tana zuwa hannunta na ƙamshin sitaci. Da idonta ya buɗe kuwa, labaran kisan kai da masu bincike ta kama, irin masu hoton wuƙa a bango.

Duk ranar da ta je wurin mai tsofaffin littattafai na bakin tasha sai ya ce, "Inna, jikanki ne ya aiko ki?"

"Ni na aiko kaina. Miƙo wancan mai jan bango."

Wata rana maƙwabciyarta ta kawo kaya, ta ga littafin kife a kan teburin guga. Kafin a jima magana ta zaga layin: tsohuwa da furfurarta tana karatun yadda ake kashe mutane, ai sai mai busasshiyar zuciya. Maƙwabciyar ta daina kawo kaya, ta kuma hana 'yarta shiga gidan.

Auta, ɗan Inna mai gyaran waya, kunya ta kama shi. Ya faki idonta ta fita kai kaya, ya kwashe littattafan a kwali ya kai shagonsa.

Da ta dawo ta leƙa ƙarƙashin gado ta ga wayam, ba ta yi faɗa ba. Ta zare dutsen guga daga wuta, ta yafa mayafi, ta taka har shagon duk da ciwon gwiwarta.

"Auta, ina kayana?"

"Inna, don Allah ki yi haƙuri. Mutane cewa suke kina jin daɗin jini."

"A cikinsu wa ya taɓa karanta ko ɗaya?"

Ya sunkuyar da kai.

"Mota ta buge babanka a bakin titi, direban ya gudu, kana goye a bayana. Har yau ba wanda ya zo ya ce mini ga wanda ya yi. A cikin littattafan nan, in an kashe mutum, akwai wanda ba ya zama sai ya gano. Shi nake bi, ba wuƙar ba. Ɗauko mini."

Auta ya saɓa kwalin a kafaɗa, suka ratsa layin tare, tana gaba yana biye. Ta hana shi mayar da shi ƙarƙashin gado. Ta sa ya kira kafinta, aka kafa mata kantar littattafai a falo, daidai inda duk mai shigowa zai gani.

Maƙwabciyar ba ta dawo da kayanta ba, Inna kuma ba ta je roƙo ba. Ta samo gugar wani ɗakin kwanan ɗalibai, aikin ya ma fi na da yawa. In ta sauke na yamma sai ta fito da kujera ƙofar gida, ta gyara tabarau, ta buɗe littafinta. Wanda ya gaishe ta ta amsa, yatsanta na kan layin da ta tsaya.