Fim Biyu na Ƙarshe a Cerro Pardo

A shekarar 1974 na fara sanin Eloy Barela, shekarar da na bar koyarwa a makarantar mishan da ta rene ni, na koma wurin mahaifiyata. Na tsince shi a hanyar garinmu, Cerro Pardo, motarsa ta kafe cikin dusar ƙanƙara, ya rungume wata kyamarar katako kamar jariri, yatsunsa sun yi fari fat don sanyi. Mahaifiyata ce ta yi jinyar yatsun nan da ruwan ɗumi, ta riƙa ba shi wake da barkono a baki har ya iya riƙe cokali. Da zai tafi, ya tambaye ta me zai yi mata.

Ta ce, "Gidana yana can sama. In akwatin nan naka yana da amfani, kawo mini gidan in gani."

Ya ce to. Amma tun da aka rufe ramin haƙar azurfa, kamfani ya zagaye saman garin da waya. Gidanmu yana ciki, haka ma babban ginin niƙa dutse inda mahaifin Eloy ya shaƙi garin dutsen da ya kashe shi. Mahaifiyata ta rasu ba ta ga hoton ba.

Eloy mai aski ne. Ran Lahadi in an tashi daga coci sai mu hau duwatsu, ya kafa kyamarar bisa ƙafafunta uku, ya lulluɓe kai da baƙin ƙyalle, yana duban kufai cikin gilashi, rufi a ƙasa, ƙasa a sama. Fim ɗinsa falle-falle ne. Ana sa biyu cikin siririn gida na katako, ɗaya a kowace fuska, kowanne da murfin da ake zarewa. Kan murfin gefe ɗaya fari ne, ɗaya baƙi. Fari a waje, ba a ɗauka ba. In ka ɗauka, sai ka mayar da shi baƙin a waje. Ya koya mini wannan kamar yadda sistocin mishan suka koya mini addu'a.

Mun tsufa a haka. Yanar ido ta fara rufe masa gani, fim kuma ya daina zuwa kantinmu. Saura falle biyu gare shi lokacin da muka ji za a baje saman garin. Sai da ya roƙi mai gadi har da hawaye kafin ya buɗe mana.

Mai gadin ya ce, "Yau kaɗai, baba. Gobe katafila za ta hau."

Iska ta hana mu sakat. Cikin ginin niƙan akwai duhu, hoton yana buƙatar kyamara ta tsaya cik. Eloy yana ta murza ido ƙarƙashin ƙyalle.

"Ɗan sistoci, zo ka duba mini. Ginshiƙin ya fito sosai?"

"Ya fito."

"Kada ka yi mini ƙarya don tausayi, tsohon banza. Ubana ya tsaya a gindinsa."

"Na ce ya fito, makaho."

Da iskar ta ɗan lafa, ya zare murfi, ya ɗauka. Yana mayarwa sai guguwa ta fizge ƙyallen. Ya ajiye gidan fim bisa dutse, ya bi ƙyallen yana tuntuɓe. Da ya dawo ya shafa kan murafan, sai na ga ya daskare. Duka biyun fari ne a waje. Bai juya ba, kuma bai san fuskar da ya ɗauka ba.

Ya zauna a ƙasa. "Amadeo, wanne ne? Kai da ba ka manta ranar haihuwar kowa, wanne ne?"

Ban sani ba. Na ce, "Mu tafi haka. In ka sake ɗauka ka faɗa kan na ubanka, ka lalata shi. Ɗaya mai kyau ya ishe mu."

Ya jujjuya gidan fim ɗin a hannunsa. Can ya ce, "Je ka ɗauko mini kofi a mota, bakina ya bushe."

Motar tana can wajen waya, ga gwiwata mai ciwo, sai na daɗe. Da na dawo ya riga ya naɗe kayansa, yana zaune a bakin hanya.

Bayan an baje saman garin na je aski. Da ya gama, ya kaɗe mini wuya, sannan ya ɗora wani babban hoto a cinyata. Gidanmu ne: ƙofar da mahaifina ya sassaƙa, tagar da mahaifiyata take kiranmu cin abinci. Bisa rufin, dishi-dishi, ginshiƙan ginin niƙa sun hau kansa, ba a ko gane su sosai. Ashe da na tafi ɗauko kofi ya ɗauki gidan, ya faɗa kan fallen ubansa.

Na ce, "Eloy, na ubanka fa?"

Ya ɗauki tsintsiya ya shiga share gashi. "Kai wa mahaifiyarka makabarta ta gani. Tashi, akwai mai jira."